Inna Ƙanƙamo da Faranti Mai Koren Baki

Babu mai ciwon sukari a kamfanin sufurin nan. Manaja ne ya faɗa a taron ƙarshen shekara, makirufo a hannu ɗaya, ɗayan a kan tumbinsa, aka kuwa tafa masa. Maganar tana da hujja. Tun ranar da ya kafa doka cewa duk direban da aka samu da ciwon za a karɓe makullin motarsa a mai da shi gadi a bakin ƙofa, ba a sake samun mutum ɗaya da shi ba. Likitoci na can suna ta wahalar bincike, shi da sa hannu ɗaya ya gama da cutar. Abin da ya rage wa direbobi shi ne gajiya, da yawan ƙishirwa, da wando mai ƙara faɗi ba tare da an kai shi wurin tela ba.

Wannan jinjina ba ta Manaja ba ce. Shi an riga an ba shi allon yabo, yana rataye a ofishinsa. Ta matar da ke dafa wa direbobi abinci ce, wadda aka sallama a watan jiya, wadda kowa a garejin yake kira Inna Ƙanƙamo saboda rowa.

Kafin motar farko ta fita Inna ta iso kicin. Za ta tsame waken da ta jiƙa tun jiya, ta ɗora, ta zauna a kan gajeriyar kujerarta da ƙaton kwando a gaba: kabeji, alayyafo, kokwamba, tumatir, albasa, tana yanka tana mita. Ludayi biyu ne rataye a ƙusa, babba da ƙarami. Farantan kamfani duk farare ne, sai wasu ƙanana 'yan kaɗan masu koren zare a baki da ta sayo da kanta ta jera a kantar ƙasa. Duk wanda aka miƙo wa mai koren baki, rabin farantinsa ganye ne, sai kifi ko ƙwai ko wake a gefe, shinkafa kuwa ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba. Shayi ma buta biyu take dafawa. Gwangwanin sukari kuma ya shekara yana ɓata a kicin da ko kyanwa ba za ta rasa ɗanta ba. Firijin lemon kwalba ya lalace tun zamanin wani manaja. Makanike ya duba shi sau da yawa, kullum sai ya tarar wayar ce kawai ta zare daga bango, ya mayar, washegari ta sake zarewa. A ƙarshe ya ce abin ya fi ƙarfin iliminsa.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba. Mijinta tela ne, ciwon nan ya fara da yatsan ƙafarsa, ya ci ƙafar, ya haura ido. Duk ranar asibiti ita ke raka shi, ta zauna a benci cikin marasa lafiya tana sauraron malamar da ke koya musu abin da za su ci. Shi yana gyangyaɗi, ita tana haddacewa. Darasin ya zo wa mijin a makare. Bayan rasuwarsa ta samu aikin garejin, ta shigo da darasin a kanta.

Cikin waɗanda suka ci a farantin nan akwai wani direba da za mu kira Dogo. Dogaye sun yi yawa a kamfanin, Manaja kuma ba ya karanta rubutun da ba jawabinsa ba, don haka babu fargaba. Dogo ya tsufa a kan sitiyari, yaransa duk suna makaranta, kuma albashin gadi ba ya riƙe gida irin nasa. Inna ta lura yana shanye jug ɗin ruwa shi kaɗai, ta ji yaran mota na tsokanarsa cewa babu bishiyar da bai gaisa da ita ba a hanya. Ta ga bel ɗin wandonsa ya samu sabuwar huda, ga wani ɗan ƙurji a ƙwaurinsa da ya ƙi warkewa. Wata rana ta ce ya zo bayan kicin ya ɗaga mata buhu. Babu buhu.

"Ɗan nan, yaushe rabonka da asibiti?"

"Lafiyata ƙalau, Inna. Zafin gari ne."

"Zafin garin kai kaɗai yake bi bayi? Je ka a auna ka. Ba a nan ba, can inda aka san aikin."

"Idan aka ce shi ne fa? Kin san doka."

"Na san doka. Na kuma san yadda ake wanke dungun ƙafa. Zaɓi wanda za ka koya wa matarka."

Ya je. Shi ne. Likita ya ba shi magani, ya ce zai iya tuƙi muddin yana sha, yana aunawa, yana dawowa a duba shi. Dokar kamfani ba ta da wannan dogon bayani. Dogo ya dawo bayan kicin kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce shi ke nan, ya bar cin abinci, daga yau sai ruwan ganye mai ɗaci da wani abokinsa ya ce yana kashe sukari.

"Abokin naka a wane asibiti yake aiki?"

"Fenti yake yi."

"To ya ci gaba da fenti. Yunwa ba magani ba ce, ɗaci ma ba magani ba ne. Za ka ci, sau uku, a kan lokaci. Ka fara da ganye da kifi, shinkafa ta zo ƙarshe. Wake abokinka ne. Lemo ka ɓare ka ci ɗaya, kada ka matse shida ka kwankwaɗa. Na kwalba kuwa ku yi sallama."

"Zuma fa? An ce ita ba ta da illa."

"Sukari ce da ta je yawo cikin furanni ta dawo. Ga gyaɗa, ka sa a aljihu don hanya. Ga alewa kuma."

"Alewa, Inna?"

"Ba ta marmari ba ce. Ran da ka ji jikinka na rawa, zufa na karyo maka, idonka na duhu, maganin ya saukar da sukarin da yawa. Ka faka mota ka tsotsa, kada ka yi jarunta da rayukan mutane. Kuma ran da na ji ka tsallake ranar likita, ni da kaina zan kai ka wurin Manaja."

Alewar nan ita ce kaɗai zaƙin da aka taɓa shaida Inna ta ba wani kyauta.

Sai dai ƙaramin faranti a tsakiyar maza masu cin abinci kafaɗa da kafaɗa yana jawo tambaya, tambaya kuma tana iya kaiwa ofis. Nan Inna ta fito da dabarar da ta zame mata suna. Duk wanda ta koma zuba wa a mai koren baki, sai ta ƙulla gaba da shi a bainar jama'a. Dogo laifinsa wai ya wuce ta bai gaishe ta ba. Wani ya taka mata tsintsiya. Wani dariyarsa ce ba ta yi mata ba.

"Inna, a ƙara shinkafa mana," Dogo zai faɗa da ƙarfi, don a ji.

"Ka je wadda kake gaisarwa ta ƙara maka."

Sai wuri ya kaure da dariya. "Dogo, ka ba ta haƙuri mana, ka zama akuya da cin ganye!" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ci, ƙurjin ƙwaurinsa na warkewa a cikin safa. Babu wanda ya taɓa lura cewa abokan gabar Inna su ne suka daina gyangyaɗi bayan cin abinci. An dai lura cewa tsohuwar ba ta da yafiya.

Ke ce, Inna, wadda ta ari mugun hali ta yafa don ta rufe asirin 'ya'yan wasu. Ke ce mai ƙaramin ludayi. Mutane da yawa sun ciyar da jama'a an yi musu godiya. Ke kin zaɓi ciyarwar da ladanta a duniya harara ce.

Abin da ya kawo ƙarshen aikinta tausayi ne. Wasu sababbin direbobi, masu ƙoshin lafiya da son adalci, suka ga zaluncin ya yi yawa, suka kai ƙara a madadin waɗanda ake cuta. Manaja, wanda ba ya wasa da walwalar ma'aikata, ya kafa kwamiti. Aka kira Inna ofis, ta shiga da warin albasa a hannu, ta tsaya ƙarƙashin allon yabo. Aka kira Dogo a matsayin wanda aka fi zalunta.

"Inna," Manaja ya ce, "ni mutum ne mai son gano tushen matsala. Waɗannan mutanen da kike tauye wa abinci, me ya haɗa su? Ba layinsu ɗaya ba, ba shekarunsu ɗaya ba. Dole akwai dalili. Ki faɗa mini, in ya kama a yi miki uzuri sai a yi."

Tambaya ce mai kyau, ita ce ma mafi kyau da ya taɓa yi. Kalma ɗaya za ta wanke ta, har ta jawo mata nata allon. Ta kalli Dogo. Makullin motarsa na hannunsa, ya damƙe shi har jijiyoyin hannun sun fito.

"Ranka ya daɗe, jinina ne kawai bai haɗu da nasu ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tsufa ne."

Kwamiti ya gano cewa tsufa ne. Aka ba da shawarar a sallame ta cikin mutunci, a ba wani kamfanin girki na zamani aikin.

Da yamma Dogo ya same ta tana goge tukunya. Ya ce zai koma ya faɗi gaskiya.

"Ka ce me? Ka tona kanka, ka tona sauran? Su ɗin ka tambaye su?"

"Amma sunanki, Inna..."

"Sunana ba ya zuwa makaranta, yaranka ke zuwa. Ungo." Ta miƙa masa faranti mai koren baki a cikin leda. "Ka kai wa matarka. Ka ce ta zo gida ta same ni, in nuna mata inda shinkafa ke tsayawa. Kuma daga yanzu da kwanonka za ka riƙa zuwa aiki. In an tambaya, ka ce rowata ta lalata maka ciki."

A satin nan kantar ƙasa ta zama fanko, faranti ɗaya bayan ɗaya, kowanne a leda. Matan da suka riƙa sallama a ƙofar gidanta ba su san juna ba, ita kuma ba ta haɗa su ba.

Mun gode, Inna. Mun gode a madadin ƙafafun da har yau suke cikin takalmansu, da idanun da ke ganin hanya, da fasinjojin da suka sauka lafiya ba su san da ke ba. Mai karatu kuma, in akwai mai ciwon nan a gidanka, ba sai ka zama likita ba, likita yana nan, ka raka shi wurinsa. Naka shi ne ludayi. Ka cika rabin farantin da ganye, ka rage shinkafar, ka ɗauke kwalbar daga kan tabarma, ka zauna ku ci iri ɗaya don kada ya ji shi kaɗai aka ware. Zai harare ka. Ka jure, wata ta jure abin da ya fi haka. In kuma kai ne mai sa hannu a doka, ka tuna mutumin da ka tsorata ba warkewa yake yi ba, shiru yake yi.

An yi mata walimar sallama, don kamfanin ba ya manta ma'aikatansa. Aka mayar da wayar firiji, ya kama aiki nan take, makanike ya ce ikon Allah. Aka jera lemon kwalba, aka kawo kek mai hawa biyu. Manaja ya yi jawabi, ya tunatar da jama'a cewa bana ma ba a samu mai ciwon sukari ko ɗaya ba, aka tafa. Sababbin direbobi suka ba Inna kyautar wani ƙaton ludayi da aka ɗaura wa jan ƙyalle, aka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan Manaja ya yanko kek mai kauri, ya haɗa da kwalba mai sanyi, ya miƙa wa Dogo a gaban kowa.

"Ci ka ƙoshi, Dogo. Yau babu mai hana ka."

Dogo ya karɓa. Idanu duk suna kansa, Manaja na jira da murmushi. Inna ta taso a hankali, gwiwa na ƙara, ta zare farantin da kwalbar daga hannunsa ta tura a jakarta.

"Ni aka yi wa taron ko shi? Har yau bai gaishe ni ba."

Wuri ya ɗauki ihu. Ta saɓa jakar, ta riƙe ludayin, ta nufi ƙofa. Tana wuce ɗakin maigadi wani ya ce a bayanta, ba a hankali ba, "Kai, tsohuwar nan da rowarta za a binne ta."

Ta ji. Ta gyara zaman jakar a kafaɗa, ta tsaya a bakin titi tana jiran mota.