Dinyar da Baba Ya Yanka

Shekarar da Baba ya zo wurina a garin Laurel don a yi masa aikin ido, a ɗarare nake tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Na shigar da takardun zama ɗan ƙasa, an sa mini ranar ganawa, kuma lauyata ta ja mini kunne: kada sunana ya hau takardar wani jami'i kafin ranar, ko da ta gudun mota ce. Matata da 'yarmu suna Maraɗi suna jira, yarinyar har ta shiga makaranta ba ta san ni ba sai a waya. In na samu takardar nan, zuwansu ya matso. In aka samu tangarɗa, sai yadda Allah ya yi.

A lokacin wata ƙaramar bas ta haya nake tuƙawa. Cikin masu ɗaukata akwai ƙungiyar wasu tsofaffin Turawa masu kallon tsuntsaye. Kallo kawai, wallahi. Duk Nuwamba, in tsuntsayen arewa suka taso suna gudun sanyi, sai in kwashe su mu haye wata doguwar gada zuwa wani gandun gwamnati a bakin teku, fadama ce ta ruwan gishiri, su yini a tsaye da madubin hangen nesa suna raɗa. Shugabarsu wata tsohuwar malamar makaranta ce, mai kirki, amma ba ta son hayaniya. Ita ta ce in taho da Baba tunda akwai kujera.

Na ji daɗi, don zaman ɗaki ya ishe shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da bakin gulbi, ga shi a bene yana ƙirga motocin mutane ta taga. A hanya na yi ta yi masa bayani: wurin na gwamnati ne, ba harbi, ba kamu, ko gashin tsuntsu ne a ƙasa a bar shi. Ya ce ya ji. Ya tambaya in sun gama kallon me suke kaiwa gida. Na ce ba komai. Ya girgiza kai ya juya ga taga.

Da muka isa, ruwan ya yi fari fat da wasu manyan agwagin ruwa, kukansu ya cika wurin. Baba ya ce ai dinya ce, fara ce dai kawai. Mutanena suka jera a kan tudun hanya suka kafa madubansu. Can nesa, bayan iyakar gandun, ana jin ƙarar bindigogin mafarauta jefi-jefi. Malamar ta hango wata dinya a bakin ciyawa tana jan fiffike, ta ce harbi ne ya same ta, ta ɗaga waya ta sanar da ofishin gandun. Ban mai da hankali ba. Ina can ina taya wani dattijo kafa ƙafar madubinsa lokacin da Baba ya karɓi makullin mota, ya ce zai ɗauki buta ya zagaya.

Ya daɗe. Da ya dawo babu jaket ɗin da na saya masa, ga jini a bakin hannun rigarsa. Na ja shi gefe, na tambaya ko ya ji rauni ne. Ya ce a'a, cikin natsuwarsa, har da ɗan murmushi. Wai ya tarar da baiwar Allah tana shure-shure, rai ya kusa fita, shi ne ya yi bisimilla ya yanka ta kada ta zama mushe. Ya naɗe ta a jaket ya tura ƙarƙashin kujerar baya.

Na waiga na dubi motar. Sannan zuciya ta taso mini, irin wadda ban taɓa yi da shi ba. Ga shi ba damar ɗaga murya, mutane na raɗa a gefenmu. Ta cikin haƙora na ce, “Baba, kun kashe ni. Ba na faɗa muku ba?”

Ya ce shi bai yi farauta ba, bai kama mai lafiya ba. Wane irin mutum ne zai ga dabba tana wahala, ga wuƙa a aljihunsa, ya wuce? Gaskiyarsa ce a Maraɗi. Amma mu ba a Maraɗi muke ba, kuma tsuntsuwar a motata take.

Ina tunanin yadda zan fito da ita in mayar cikin ciyawa, sai ga farar motar gandun tana tahowa a hankali. Ma'aikacin ya fito da kakinsa da bindiga a ƙugu. Malamar ta nuna masa wurin, ya gangara. Ni kuwa ina tsaye na jingina da ƙofar bayan motata. Ya dawo riƙe da gashi mai jini. Ya ce tsuntsuwar ba ta nan, amma ga sawun takalmi, kuma jinin da ya gani ba na harsashi ba ne. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko wani ya sauka can.

Idon malamar ya sauka kan hannun rigar Baba, ta ɗauke kai da sauri.

Baba ba ya jin Turanci, amma ya ga gashin. Ya tambaye ni ko jandarman nan mai kaki dinyar yake nema. Kafin in haɗa amsa ya ture ni daga jikin ƙofa, ya buɗe, ya ciro jaket ɗin, ya kwance shi a gaban mutumin. Wata tsohuwa ta toshe baki. Ya ce in gaya masa shi ya yanka, kuma in gaya masa dalili. Na fassara, kunya da tsoro sun haɗe mini.

Ma'aikacin ya saurara har ƙarshe, bai yi tsawa ba. Ya ce ya gane, amma doka ce, dole ya rubuta. Tunda a motata aka samu tsuntsuwar, kuma ni na kawo baƙon, ya nemi lasisina. Na ciro shi da kyar.

Baba ya riƙe mini hannu ya tambaya me takardar za ta yi. Na gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in sunana ya hau kanta, ganawata na iya lalacewa, surukarsa da jikarsa su ci gaba da zama. Ya ce in kuma nasa ne fa? Na ce wataƙila ba za a sake barinsa ya shigo ƙasar ba.

Bai ko yi jim ba. Ya zura hannu a aljihun 'yar ciki ya ciro fasfonsa, ya danne lasisina ƙasa, ya miƙa wa mutumin da hannu biyu. “Gaya masa kai direba ne kawai. Wuƙata ce, hannuna ne.”

Ma'aikacin ya dubi fasfon, ya dube ni. Malamar ta matso ta ce ita shaida ce, duk lokacin ina kan tudu tare da su. Ma'aikacin ya daɗe yana juya biro a hannu. Daga ƙarshe ya buɗe fasfon ya fara kwafe suna. Ya tafi da dinyar da wuƙar.

Na biya tarar. Ranar ganawa aka tambaye ni ko an taɓa rubuta mini takardar laifi, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Matata da 'yarmu suka iso, aka haifa mana namiji a nan.

Baba, da tuni ya koma Maraɗi, ya nemi biza don ya zo suna, aka hana shi. Ya sake nema, aka sake hana shi. Ba sa faɗin dalili yadda mutum zai gane, don haka ban san ko takardar nan ce ba, amma abin yana cina har yau. Ranar da aka hana shi na biyu na kira shi, na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, “To ai iyalinka sun isa, ko? Sa mini yaron a waya in ji kukansa.”