Fatirar ƙarshen wata

A unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki inda na yi zaman amarci, faranti ba ya komawa gidan masu shi fanko. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, sai ki wanke farantin ki zuba naki ki mayar. Ba wanda zai ce miki kin yi laifi in kin fasa, amma za ki ji shi a gaisuwa.

Shekarar da aikin maigidana ya tsaya a tashar jiragen ruwa, saboda rigimar takardu tsakaninsa da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa da duk layin ke ce wa Khala. Iyayenta sun zo aikin hajji suka zauna, kamar dai kakannina. Mace ce mai faɗa, ba ta iya yabo ba sai ta haɗa da tsiya. Wata Juma'a ta aiko mana da shinkafa da kifi a wani farantinta mai zanen furanni. Muka cinye tas, har da ƙanzo. Na wanke farantin na kife, sannan na duba kicin na ga ba ni da abin mayarwa.

Farantin nan ya zame mini ƙarfen ƙafa. In na ji motsin ƙofar Khala sai na fasa fita shanya. Ni kuwa ko a gidanmu an san ni da taurin kai, gara na kwana da yunwa da a ce ga halin da muke ciki. Abin da nake tsoro ke nan, kada layi ya gane tukunyarmu ta yi sanyi.

Abin da ya rage mana shi ne ɗan garin fulawa, da sukari a gindin gwangwani, da madarar gari, da mai, da ƙwai biyu. Sai na tuna fatirar da kakata ke yi in wata ya yi nisa. Na murza garin da mai da gishiri har ya yi kamar tsaki, na yayyafa ruwan sanyi, na danne shi da yatsu a ƙaramin tire har gefe. Na dama madarar da sukari da ƙwan, na ƙara cokalin gari don ta kama jiki, na ɗiga khal, ruwan tsamin nan na kwalba, na daka hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa, na barbaɗa. Ba mu da abin gashi, don haka na yi yadda kaka ke yi. Na zuba yashi a gindin babbar tukunya, na ɗora a kan gas har ya yi zafi, na sa tiren a kai na rufe. Ƙamshin ya cika ɗakin, maigidana yana ta leƙe kamar mage. Na yanka masa siririn yanki, sauran na jera a farantin furanni.

Khala ta karɓa, ta shinshina, ta juya shi a hannu. Ta ce gefen ya ɗan ƙone, kuma ’yan matan yanzu ba su san hel ba sai sun juye kwalba. Na dawo gida ina huci.

Washegari sai ga ta a ƙofata da leda niƙi-niƙi. Fulawa ce, da kwandon ƙwai, da mai, da madara babban gwangwani, har da shinkafa wai ta shigo ledar ne bisa kuskure.

"Ya binti, wannan abar taki ta hana ni sakat," in ji ta. "Ki riƙa yi mini duk Juma'a. Abin da ya ragu kada ki dawo mini da shi, ba ni da wurin ajiya. Halas."

Na so na yi magana, ta riga ta juya. Fatira ɗaya ba ta cin ko kwatan abin da take kawowa, sauran shi muka ci har Allah ya warware wa maigidana takardunsa. Duk tsawon lokacin ina ɗaga kai a layi, a ganina sana'ata nake ci. Ita kuma ba Juma'ar da ba ta sami abin kushewa ba.

Mun daɗe da komawa unguwar Safa lokacin da aka kira ni cewa Khala ta rasu. Na gasa fatira na kai gidan makoki, don ban san me kuma zan kai ba. Babbar ’yarta ta buɗe tiren, ta yi dariya hawaye na zuba. Ta ce ai mahaifiyarsu tana da ciwon suga tun kafin mu tare a layin, ko shayi ba ta sha da zaƙi. Su ne suka yi ta cin fatirar nan har ta gundure su, in sun yi ƙorafi ta ce su rufe mata baki.

Na zauna a bakin tabarma. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan da ta ciyar da ni ta bar mini mutuncina. Sai a ranar na gane ko sau ɗaya ba ta taɓa kushe ɗanɗanon ba, kullum gefe ne ko ƙamshi.