Wancan Yaron da Tozo

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti a Katsina mu huɗu ne: ni, da ƙanen ubansa da ya zo daga Safana, da matar ɗana, sai shi wancan yaron, ɗana na fari. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. A Wagini haka muka tashi, uwa kan yi kunyar ɗan fari. Bai cika arba'in ba ciwon zuciya ya kayar da shi a gonar gero.

Likita ya ce a shigo. Duk suka shiga, ni na zauna kan benci a bakin ƙofa kamar wadda ta rako maƙwabta. Amma kunnena yana ciki.

Ina ji, ba ko jin nauyi, matar tasa ta ambaci sunansa ta ce, "Likita, gaya mini gaskiya, zai aurar da 'ya'yansa?"

Likitan ya ce rai na Allah ne, amma mai ƙuruciya irinsa, in ya riƙe magani, ya bar taba da kitse, yana dawowa ana duba shi, ana sa ran zai daɗe. In kuwa ya yi wasa, abin kan dawo.

Ubansa ma a irin shekarun nan ya dafe ƙirji ya faɗi, ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini abin da ke gaba. Ita kuwa yarinyar jiya an ba ta kujera, an ba ta amsa, har ledar magani ita aka danƙa wa. A mota ta riƙe masa hannu. Ni da na goya shi ina kallon taga.

Da muka sauka Batsari ta ce, "Inna, kin ji abin da likita ya ce?" Na ce ina ruwana, ai mijinki ne.

Sai dai akwai abin da ba ta sani ba. Ta iya hana shi kitse a gida, amma ni na san inda yake tsayar da babur ran kasuwa.

Washegari da sassafe na ja mayafina na tafi wurin mahaucin da yake tsayawa gunsa. Bayan gaisuwa na ce, "Wancan yaron, in ka ƙara yanka masa tozo, ni da kai ne."

Ya ce, "Wane yaro, Iya?"

Na tsaya ina kallonsa, har ya ajiye wuƙar ya ce ya gane.