Kujeru Goma Sha Ɗaya da Baffa Ya Tsallake

Baffana, yayan mahaifina, ya shekara talatin da huɗu yana aiki a babban filin ƙwallo na garinmu, amma in ka tambaye shi wa ya ci wasan jiya sai ya ce maka bai sani ba. Ba ƙarya yake yi ba. Aikinsa ƙirga kujeru ne, mai wannan aiki kuwa baya yake ba wa ƙwallo. Su huɗu ne, kowa da ɓangarensa, na Baffa shi ne na gabas. Da an busa usur sai ya fara daga layin ƙasa, yana tafe yana bugun duk kujerar da ba kowa a kanta da tafin hannu. Wadda ke da mutum kuwa sai ya ɗage hannu ya ce "gafara" ya wuce. In ya gama a cire abin da ya samu daga jimillar kujerun, a san mutum nawa suka shigo. Ba biro, ba takarda, ko kallon kujerun ba ya yi, hannun ne ya san aikinsa. Abokan aiki suna kiransa Ƙirgau, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Shi ya riƙe ni tun ina 'yar wata bakwai. Sunan kakata aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, ko da faɗa yake yi. Mahaifina a filin nan ya rasu. Ana tsakiyar wasa aka tashi da iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani ƙarfen rufi ya ɓalle ya faɗo kan layi na sha tara a ɓangaren gabas, mutum goma sha ɗaya suka tafi nan take. Baffa ne ya zaɓa wa ƙanensa wurin, don akwai inuwa. Wannan daga bakin matar Baffa na ji, shi bai taɓa ɗauko zancen ba. Da na girma ya samo mini aikin yagar tikiti a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin ɓangaren nasa, na shekara tara a wurin. Abin da na sani game da layi na sha tara shi ne ƙorafi. Duk wanda na ba shi wurin sai ya dawo ya ce in canja masa, wai ana matse shi, alhali layin wayam. Ni kuwa da bakina kamar reza, sai in ce ya rage tumbi.

Sai aka ce garinmu yana neman a ba shi wasu wasanni na gasar ƙasashe. Gari ya rikice. Aka shafe bakin titi da fenti fari da baƙi, aka tashi masu tebur daga hanyar filin, aka dasa bishiyoyi da rana tsaka, washegari suka langaɓe. Fitilun da suka mutu tun ina makaranta suka farfaɗo. Sharaɗin masu gasar shi ne filin ya ɗauki mutum dubu arba'in, ko ɗaya kada ya gaza. Injiniya ya ƙara kujeru a lungu da saƙo har zanensa ya nuna dubu goma cif a kowane ɓangare. Amma baƙin da za su zo dubawa ba zane suke so ba, so suke a ƙirga a gabansu. Manaja ya ce a yi gwaji tukuna, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abokan Baffa uku kowa ya kawo dubu goma. Baffa ya sauko yana share gumi ya ce dubu tara da ɗari tara da tamanin da tara.

"Sake hawa," in ji Manaja.

Ya sake. Washegari ma ya sake. Goma sha ɗaya dai suka ƙi cika.

"Ƙirgau, tsufa ne ko rigima?"

"Ranka ya daɗe, abin da hannuna ya taɓa shi nake faɗa."

"To ka ji. Saura kwana uku baƙi su zo. In ba za ka iya ba, in sa wani ya hau ɓangaren, kai kuma ka je gida ka huta."

Raina ya ɓaci. Mutumin da ya gama ƙuruciyarsa a kan matakalar nan, yau shi ake ce wa ya je ya huta a gaban yaran da ya koya wa aiki. Na ce wa Baffa gobe tare za mu hau, in bi bayansa in ga inda yake zubar da lissafin.

Da hantsi muka fara. Filin da ba kowa ba shi da daɗin zama, ko tari ka yi sai ya je can ɗaya gefen ya dawo maka. Ba abin da ake ji sai tafin Baffa a kan roba, ɗas, ɗas, ɗas, layi bayan layi, har na fara hamma. Muna shiga layi na sha tara ƙarar ta ɗauke. Na ɗaga kai. Baffa ya ɗage hannunsa daidai ƙirji, ya karkace jiki yana raɓawa kamar mai gudun taka ƙafafun mutane. "Gafara. Gafara dai. Sannunku." Sau goma sha ɗaya na ƙirga. Daga nan hannun ya sauka, ɗas, ya ci gaba abinsa.

Na miƙa hannu na taɓa ɗaya daga cikinsu. Wurin inuwa ne, kujerun gefe duk sanyi ƙalau, wannan kuwa da ɗumi, irin ɗumin kujerar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi.

"Baffa, su wa kake gaisarwa?"

Ya tsaya bai juyo ba. Can ya ce, "Au, gaisarwa na yi?" Ya dawo ya dubi layin, sannan ya zauna a kan matakala.

"Uwata, ni fa ban taɓa ƙirga filin nan ba kowa a ciki ba sai wannan karon. Ranar wasa mutane ne ko'ina, wa zai tsaya tantance wane da wane? Da wutsiyar ido nake ganinsu, in na kalla sosai kuma ba komai. Na bakwai daga nan, mai farar riga, shi ne ubanki."

"Baffa, ka bari."

"Zo ki zauna kusa da shi mana. Akwai wuri a bayansa."

Wallahi ban zauna ba. Da gudu na sauka, har takalmina ɗaya ya tsinke, na kulle kaina a ɗakin tikiti ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Kwana biyun da suka biyo baya ko kallon matakalar ban yi ba. Baffa ya sake yi mini tayi sau ɗaya muna cin abinci, na ce aiki ya yi mini yawa. Bai ƙara ba. Matarsa ta ce ya bar wa wani ya hau mana, ya huta da fitina. Ya girgiza kai. "Wani zai zo ya bubbuga musu cinya kamar ba mutane ba. In dai tashinsu za a yi, gara ni da na san su."

Ranar dubawa baƙi suka zo da kwat da 'yan na'urorin dannawa a hannu, aka haɗa kowane mai ƙirga da baƙo ɗaya. Manaja ya sa ni riƙe wa baƙon ɓangarenmu lema, ba yadda na iya, na hau. Da muka iso layi na sha tara na toge a bakin matakala. Baffa ya tsaya, ya cire hularsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma a filin nan ba a yin sirri.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri. Gari ne ke neman wurin. Ku ɗan miƙe mana."

Baƙon ya dubi Manaja, Manaja ya yi murmushin yaƙe ya ce addu'a ce irin ta dattawa. Baffa ya matsa gefe kamar mai ba da hanya. Sai na ji iska mai ɗumi tana wuce ni ɗaya bayan ɗaya, lemar ma ba ta motsa ba. Hannunsa ya sauka, ɗas, ɗas, sau shida. A ta bakwai ya tsaya da hannu a sama har baƙon ya duba agogo.

"Tashi mana, ƙanena," in ji Baffa. "Ni ne na zaunar da kai."

Ya buga. Ya ƙarasa sauran, ya hau har layin ƙarshe, ya juyo ya ce dubu goma. Na'urar baƙo ma ta nuna dubu goma. Manaja ya rungume shi, ma'aikata suka yi ta tafi, aka ce filin ya cika sharaɗi.

Bayan an watse na same shi a bakin famfo yana ta wanke hannun nan, ba abin da ya taɓa shi kuwa.

"Sun koma wurinsu?" na tambaye shi.

"Na koma na duba. Hannuna bai tsallake ko ɗaya ba." Ya kashe famfon. "Ni cewa na yi su ɗan miƙe, su kuma suka ɗauka sallama ce. Goma ɗin ƙofa suka nufa kai tsaye. Shi ne dai ya tsaya a gabanki, Uwata, ya daɗe yana kallonki. Kin kawar da kai."

Na tuna. A lokacin na ji ɗumin ya tsaya a fuskata bai wuce ba, sai na karkato lemar na kare. Kwana uku aka ba ni in hau layi goma sha tara in zauna kusa da ubana, tsoro ya hana ni, kuma da ya sauko da kansa lema na sa masa.