Babayo Mai Masauki da Garin Tafki

Idan ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Xiaobei ka ce kana neman Babayo, ba mai nuna maka gida, lambar waya za a ba ka. Mutumin Azare ne, gajere, mai furfurar gemu tun shekarunta ba su kai ba, kuma tun zamanin wayoyi masu madannai yake Guangzhou ta ƙasar Sin. Sana'arsa masauki. Ɗan kasuwa ya taso daga Kantin Kwari ko Sabon Gari, Babayo ne zai tarbo shi a filin jirgi, ya nema masa ɗaki, ya yi masa tafinta, ya yi cacar baki da lawban, wato mai kanti, a madadinsa, ya tsaya a kan kaya har a rufe kwantena. Ya ce haka kakansa ya yi wa fatake a zaure. Ofishinsa na benen Tianxiu kuwa, in mutum uku suka zauna sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Yana da magana guda da yake ji da ita kamar ayar da ya haddace: mai masauki ba ya barin baƙonsa a tsaye.

To, wadda ta sha wuyar wannan magana ita ce matarsa Rekiya. 'Yar Yawuri ce, ɗiyar masunta, ta iya tuƙa kwalekwale tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Babayo ya kawo ta ya ajiye a wani ɗaki a unguwar Sanyuanli, wanda in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabta. A nan ta shekara da shekaru tana dafa wa baƙinsa tuwo da miyar kuka, don Alhazawan nan ba sa kwana biyu sai sun fara kuka da abincin 'yan Sin. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Da 'yarsu Najiba ta isa makaranta aka mayar da ita wurin kakarta, yanzu kuma kakar ƙafa ta ƙi, aka yanke shawara Rekiya za ta koma gida gaba ɗaya a ƙarshen watan Oktoba.

Ana cikin haɗa kaya sai Salamatou, wata ɗaliba 'yar Maraɗi da ke zuwa cin tuwo ranar Lahadi, ta nuna mata bidiyo a waya. Wani ɗan gari ne a cikin duwatsu, can arewa da Guangzhou, ruwa kwance a gabansa shuɗi shar, ga ƙananan jirage. Sunan garin ya gagari harshen Rekiya, sai ta raɗa masa Garin Tafki. Da Babayo ya dawo yana cin abinci, waya a kunne, ta jira har ya ajiye.

"Abban Najiba, tun da na zo ƙasar nan na taɓa roƙonka wani abu?"

Ya yi tunani, ya ce a'a.

"To yau zan roƙa. Kafin in tafi ka kai ni wurin nan. Ni da kai."

"Ruwa? Ga kogi nan a tsakiyar gari, Rekiya."

"Wannan da aka ɗaure da siminti aka rataya masa fitilu? Ina so in sa ƙafata a ruwa."

Ya ce to. Amma Babayo bai taɓa zuwa wani wuri don kawai ya gani ba. A saninsa mutum yana tafiya ne don gaisuwa, ko ta'aziyya, ko fatauci, ko aikin Hajji. Sai ya shiga bin ofisoshin Tianxiu yana tambaya kamar mai neman maganin basir, da murya ƙasa-ƙasa: garin nan, ya cancanci a je? Muntari mai aika kaya, maƙwabcinsa na ofis, ya ce, "Me ake sayarwa a can?" Babayo ya ce ba komai, ruwa ne da duwatsu. Muntari ya ce, "To wa ka sani a can?" Ya ce ba kowa. Muntari ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Lafiya dai ko?" Wani ya ce ba abincin halal. Wani ya ce ruwa ai ruwa ne, in tana so ta jira ta koma Yawuri ta sha kallo har ta ƙoshi. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma ko ɗaya a cikinsu bai taɓa taka garin ba.

Duk da haka ya yanki tikiti. A yaba masa a nan, ya yanka. Ya zaɓi makon hutun farkon Oktoba, lokacin da kantuna da yawa ke rufe kuma baƙi ba sa zuwa. Rekiya ta soya dambun nama, ta yi cincin, ta goge doguwar rigarta mai ruwan toka.

Ana gobe tafiya wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Illa ne, ɗaya daga cikin tsofaffin baƙinsa, mutumin da bai taɓa duba kalanda ba a rayuwarsa.

"Mai masaukina! Ga ni a filin jirginku, ina ka shiga?"

Inna lillahi. Babayo ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a baya. Ya je ya ɗauko shi, ya yi masa bayanin cewa ƙasar gaba ɗaya hutu take yi, shi ma gobe zai ɗan kai iyali wani wuri.

"Ka tafi ka bar ni da wa? Ni da ko ruwan sha ban iya tambaya ba?"

Da Babayo ya iya cewa Alhaji ka yi haƙuri, ga Muntari zai kula da kai, da labarin nan bai samu ba. Bakinsa ya kasa. Abin da ya fito shi ne, "Ai sai mu tafi tare, ranka ya daɗe." Da ya faɗa wa Rekiya, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jaka ta ƙara cokali ɗaya.

Tafiyar kuwa kada Allah ya maimaita. Ashe hutun da Babayo ya samu, duk mutanen Sin ma shi suka samu, kuma kamar an yi musu shela su hallara a Garin Tafki. Daga jirgin ƙasa suka shiga bas, bas ta yi ta kewaya duwatsu tana jan ciki a cunkoso, Alhaji na zaune tsakaninsa da matarsa yana ba da labarin yadda kwastan suka riƙe masa kaya. Suka isa rana ta take. Masaukin farko aka ce meyo, wato babu. Na biyu meyo. Na uku matar da ke karɓar baƙi ta dubi fasfonsu ta kaɗa hannu tun kafin ta buɗe. Dole dai su juya a ranar, da bas ta ƙarshe da yamma. Ga jama'a kuma sun mayar da su abin kallo, wannan ya ce nihaw, sannunsu ke nan, ya ɗaga waya, waccan ta tura ɗanta kusa da Alhaji a ɗauke su hoto. Ran Babayo ya gama ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, Muntari ya faɗa.

Rekiya ita ko a jikinta. Tana gaba tana kutsawa, hancinta sama. Ta juyo ta ce, "Abban Najiba, ka ji warin ruwa?" Shi bai ji komai ba sai hayaƙin gashi. Titin ya gangara, can ƙarshensa tsakanin kawunan mutane wani abu yana ƙyalli. Saura ƙiris.

A nan Alhaji Illa ya ja birki. Wani mai gasa masara da naman kaza ne a bakin hanya, amma ba abincin ya tsayar da shi ba. Ya sunkuya ya zari tsinke guda daga cikin kwando, ya juya shi, ya lanƙwasa, ya sa a haƙori. Tsinken gora ne, sumul, kai ɗaya, ba ko ƙaya.

"Babayo! Ka san masu tsire nawa ne a Kano? Tambaye shi ina ake yin wannan."

Mai gashin ya nuna bayan dutse. Ƙanin matarsa ne ke da injin yin tsinken, kuma yana aiki ko a hutu. Kusa ne, in ji shi.

"Alhaji, bari mu fara isa bakin ruwan..."

"Ruwa gudu zai yi? Arziki na kiranmu kana zancen ruwa! Hajiya, a ara mini shi yanzun nan in dawo miki da shi."

Babayo ya dubi Rekiya. Wallahi ya so ta yi masa rigima, ta riƙe masa riga a gaban mutane, ya samu abin fakewa. Ba ta yi ba. Ta miƙa masa ledar dambu ta ce, "Ku tafi da wannan, Alhaji bai ci komai ba." Babayo ya nuna mata wani benci ya ce ta zauna nan, yanzu-yanzu.

Kusan da aka ce, kusan ɗan ƙauye ne. Mota ta hau dutse ta sauka, ta sake hawa. Da suka isa, Alhaji ya baje kamar a shagonsa. A kawo mai tsawo. A kawo mai kauri. A kira ɗansa a Kano ta bidiyo ya gani. Aka kawo shayi ya sha, ya nemi ruwa ya yi alwala suka haɗa Azahar da La'asar. Babayo na tafinta yana duban inuwar dutse tana cinye tsakar gidan, bakinsa na cewa lawban ya ce kaza, Alhaji ya ce kaza. Sau biyu ya ce, "Alhaji, rana fa," sau biyu Alhaji ya ce, "Saura kaɗan." Daga ƙarshe, bayan an yi ciniki har mai injin ya cire hula yana fifita, Alhaji ya sake shafa tsinken ya girgiza kai.

"Kai, ya cika santsi. Nama zai zame. Mu tafi."

Babayo ya juya ya nufi mota. In ya buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na mai masauki ba ne.

Ba su ma koma cikin garin ba, kai tsaye tasha direban ya zuba su, bas ta riga ta tayar da inji. Rekiya na tsaye a bakin ƙofarta. Gefen rigarta a jiƙe har gwiwa, takalminta ya yi dumu-dumu da taɓo. Ya fara, "Rekiya, wallahi hanyar ce..." Ta ce, "Ku hau, za a bar mu." Har Guangzhou fuskarta na jikin taga.

Sauran kwanakin ya yi ta neman hanyar gyarawa. Ya ce za su koma, su biyu rak. Amma baje kolin kaka ya buɗe, baƙi suka yi ta sauka kamar fari, wannan a tarbo shi, wancan kayansa sun ɓace. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama ranar sallama.

Ranar aka cika ɗakin Sanyuanli. Salamatou ta zo, Muntari ya zo da saƙon da za a kai wa iyalinsa, Alhaji Illa ma yana nan yana cin tuwonsa na ƙarshe. Babayo na ɗaure akwati ya ji Rekiya na ba Salamatou labari, da wata murya da rabonsa da jin ta tun suna amare. Wai ta gangara ta samu wata tsohuwa mai kwalekwale, ba mai jin yaren wani, ta nuna mata da hannu, tsohuwar ta miƙa mata filafili. Wai ta tuƙa su har inda hayaniyar mutane ta ɓace, tsohuwar na ta dariya tana buga cinya. Wai ruwan sanyi kamar na randa, kana ganin duwatsun ƙasa.

Muntari ya ce, "To Hajiya, a raba mana gardama. Garin nan ya cancanci a je ko kuwa?"

Alhaji ya riga ta, baki cike: "Ɓata lokaci ne. Ba komai can sai tsinke mai santsi."

Rekiya ta gyara mayafinta. Ba ta dubi mijinta ba.

"Ni dai na je, kuma ya yi kyau ƙwarai. Abban Najiba ne bai samu zuwa ba."

Muntari ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Babayo ya ci gaba da jan igiyar akwatin da ya riga ya ɗauru. Maganar ta yi masa ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne ba ƙarya a cikinta ko ɗaya.

Ya kai ta filin jirgi, ya dawo da baƙo biyu a motar da ya kai ta. Har yau yana Tianxiu, waya a kunne. In wani sabon zuwa ya ji an ce Babayo ya san Garin Tafki ya tambaye shi ko a je, sai ya ce a je, kuma a kashe waya. In aka ce yaya ruwan yake, sai ya ce bai sani ba.

Takalmin nan kuwa Rekiya ba ta tafi da shi ba. Yana bayan ƙofa inda ta cire shi, taɓon ya bushe ya yi fari. Wani baƙo ya taɓa cewa a jefar da shi, yana tare hanya. Babayo ya ce masa ya tsallake.