Kwalayen da suka zube a Tibiri

Ana idar da sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da direba, a cikin tsohuwar kamiyon, wato motar ɗaukar kaya ta ƙungiyarmu ta ƴan kasuwa, wadda ita ce musabbabin tafiyar. Ni ne sakataren ƙungiyar. Manyanmu na cikin gari sun kawo shawarar a sayar da motar, bisa hujjar cewa gyaranta ya yi yawa, kuma membobinmu na karkara da take kai wa kaya kowane mako ba su taɓa kukan komai ba, don haka suna iya ɗaukar haya da kansu. Aka umurce ni in je in ji daga bakinsu kafin a yanke hukunci. Hankalina bai kwanta ba, domin na san abin da na kawo shi za a bi.

A Kiéché muka karya kumallo da kunu da ƙosai a bakin godoro, wato titin kwalta. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya nemi aron tabarauna kafin ya ci. Masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba, waɗanda a da suke jere a hanyar, sun ragu ƙwarai tun da man Najeriya ya yi tsada. Na sami wata dattijuwa daga cikin membobinmu, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na tambaye ta yadda kasuwa take. Ta ce, "Da godiya, Mushe," wato Malam a bakin masu aron Faransanci. Na sake tambaya ta wata fuskar, ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana." Alhali jarkokin mai suna jere a bayanta cike taf, ba alamar an buɗe ko ɗaya.

Haka abin ya kasance a Kore Mairuwa, wurin masu wake da gero. In batun ƙasa ne, kowa malami ne. Za su bayyana maka yadda naira ta faɗi a gaban sefa har masu saye daga Kabi ta Najeriya suka rage ƙetarowa, da yadda kayan da a da suke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke zagaye mai nisa, su iso da tsadar da talaka ba ya iyawa. Babu wanda ya ce yana ganin sauƙi kafin kaka. Amma da zarar na ce, "To, kai fa?" sai fuska ta sake, a ce mini da godiya. Na fara jin haushi, domin ban san yadda zan kare mutanen da suka ƙi a kare su ba.

Daga nan muka sauka daga godoro muka kama jar hanya zuwa Tibiri. Motar tana kaɗawa, ƙusoshinta suna kuka, a gefe kuma ga lambunan fadama kore shar, rake da rogo da zogale. Abin takaici ne ƙasa ta ba da wannan albarka, hanyar fitar da ita kuwa ta zama haka.

Bayan azahar muka shiga butik, wato shagon wani membanmu da ba zan ambaci sunansa ba. Kwalayen sukari da sabulu da taliya sun kai har rufi. Na ce a raina, wannan kam ba ya bukatar motar kowa. Ya sa aka kawo mana fura mai sanyi, ya ce kasuwa da godiya. Direba, da gajiya ta ci ƙarfinsa, ya jingina da kwalayen sukarin. Sai ga su sun zubo masa a ka gaba ɗaya. Na zabura ina salati, ina zaton an karya mini direba, sai na gan shi ya miƙe yana riƙe da kwali uku a hannu guda. Babu komai a cikinsu. Layin gaba kaɗai ke da kaya.

Mai butik ya yi sauri ya tura ƙofa. Ya tsince kwalayen, sannan ya juyo gare ni.

"Mushe, in mutane sunka ga kanta ba kaya, gobe ba mai shigowa. A ce wane ya karye, shi ke nan, ko allura ba mai ba ka ka saida mishi. Motar ga taku ita ta riƙe ni. Ran da ta bar zuwa, rufewa za ni yi. Amma don Allah kar sunana shi hita."

Na yi masa alkawari. A hanyar komawa sai juya maganar nake yi a raina har muka hango dutsen garinmu da magariba.

A wurin taron ƙungiya na faɗi duk abin da na ji da abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Wani Alhaji daga cikin masu son a sayar ya ce rahoton da babu suna a cikinsa jita-jita ne, in faɗi ko wane ne. Na ce ba zan faɗa ba. Na ƙara da cewa duk mai shakka ya tashi mu fara da shagonsa, mu ɗaga kwalayen ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallo. Babu wanda ya tashi. Shugaban ƙungiya ya yi gyaran murya, ya ce a bar motar ta ci gaba da aiki har bayan kaka, sannan a sake zama.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ɗan kasuwar yankinmu na Arewa zai gaya maka ciwon ƙasa duka, amma nasa sai dai ka gani da idonka, kuma wanda ya gani wajibi ne ya rufa asiri. Ban ce mun tsira ba. Tayoyin motar sun suɗe, kaka kuwa da saura. Amma ranar kasuwa mai zuwa za ta je Tibiri.