Itacen Ɗumama Ganga

Kakata ba ta iya ƙare tatsuniya da daɗi ba. Sauran tsofaffin Kurudu sukan rufe tasu da biki ko dariya. Ita takan tofa yawu a toka, ta ce mu tashi.

A lokacin, Kurudu gonaki ne da 'yan gidaje. Da yamma takan dawo daga daji da itace a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗauka, ta jefar a tsakar gida ta hura wuta. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa da doyarsa a cikin garwashi. Hayaƙi na shiga ido, ba mai motsawa, don wanda ya tashi ya rasa wurinsa. Da yarenmu take ba mu labari. Ni da Hausa zan faɗa, ita kowa ke ji yanzu.

"Ku ba ni aron kunnuwanku," take farawa.

Mu ce, "Mun ba ki. Ki dawo mana da su."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta ganga mai magana. Wai a wani gari, kowace safiya ana ɗumama fatar gangar a bakin wuta, kamar yadda ake yi wa kowace ganga, sai ta faɗi abin da ya faru jiya: wanda ya matsar da iyakar gona, wanda ya doki matarsa, wanda ya shiga rumbun maƙwabci. Gida-gida ake kawo itacen, mai hali da matalauci. Dattawa masu manyan riguna suka tsane ta. Suka ce tana ɓata yara, tana koya wa mata ɗaga murya. Suka zo da gatari, mutanen gari suka tare su. Sai Kunkuru ya ce musu, "Kar ku taɓa ta. Ku dai ɗauke wa mutane wahalar itace."

Suka yi haka, gari ya yi ta godiya. Damina ta zo, suka ce ruwa zai lalata ganga, suka gina mata rumfa a ƙofar gidansu. Suka sa ɗansu ya zama mai hura wutar. Ranar da za ta faɗi abin da suke so, wuta ta ci sosai. Ranar da ɗayansu ya yi abin kunya, wai itace ya jiƙe, ganga ta yi shiru. Da tafiya ta yi nisa, ita kanta ta koyi abin da za ta faɗa don kar ta wuni da sanyi.

"Sai me, Kaka?"

"Sai shi ke nan."

"Ba wanda ya ƙwato ta?"

"Wa ya sace ta? Tana nan. Kullum tana magana." Ta tofa yawu. "Ga kunnuwanku. Ku cire doyarku, tana ƙonewa."

Na girma. Na binne miji da 'ya'ya biyu. Gonar Kaka yanzu gidajen haya ne. Na koma Masaka ina gasa doya a bakin titi. Ban yi makaranta ba, amma 'ya'yan masu shaguna sukan zo wurin wutata idan sun taso, in ba su labaran Kaka. Wata rana wata yarinya, Rifkatu, mai aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, ta tsaya sayen doya. Ta saurara har doyarta ta huce. Ta ce in zo ranar Asabar, suna da shirin yara.

Na daɗe ina zuwa. 'Yan acaɓa suka fara kirana Mama Tatsuniya. Ni abin da na samu ɗaya ne: an shafe gonar Kaka da siminti, amma ranar Asabar Kaka tana magana.

Akwai wata ƙungiya ta gyaran tarbiyya, wani Alhaji mai shagunan kayan gini da wani Pasto mai babbar majami'a ke jan ta. A kan komai ba sa shiri, a kaina suka shirya. Da farko suka nemi a rufe shirin, wai akwai aljanu da giya da mata masu bakin tsiya. Masu saurare suka yi ta bugo waya suna faɗa, aka bar maganar.

Gidan rediyon ba shi da ƙarfi. Lantarki ba ya zama, janareto na cin dizal, sau da yawa ina tsakiyar labari komai ya mutu. Sai ga mutanen nan da jarkokin dizal. Aka yi ta godiya, har da ni. Bayan haka Alhaji ya ba su saman benensa kyauta. Shi da Pasto suka tura samarinsu koyon aikin rediyo. Da suka dawo, ɗan ƙanwar Pasto ya zama ogan shirye-shirye. Aka mai da Rifkatu karanta sanarwar rasuwa, har ta gaji ta tafi.

Yaron yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Har ƙasa yake gaishe ni.

"Mama, matar nan da ta bar mijinta a tatsuniyarki, a gyara. Ta dawo ta ba shi haƙuri."

"Ba ta dawo ba."

"A namu za ta dawo. Giyar nan kuma a mai da ita kunu."

"Ɗana, ka taɓa ganin kunu ya sa mutum ya kwana a ɗakin awaki?"

Ya yi dariya. "Mama ke nan. Ba faɗa ba ne. Ba wanda ya hana ki."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya hana ni. Sai dai duk Asabar ɗin da na faɗi labari yadda yake, in na dawo kasuwa a ce mini kiɗa aka ji. Wai na'ura ta samu matsala. Ranar da na ba su labarin ganga, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji daɗinsa. Asabar ta gaba aka ce an canza tsarin shirye-shirye, za a neme ni. Ba a neme ni ba. Shirin yana nan da sunansa, wata yarinya mai zaƙin murya ke yi.

Jikata Ladi tana wurina tun rasuwar uwarta. Kwanan baya da yamma tana taya ni juya doya, na ce ta ba ni aron kunnuwanta, na fara labarin ganga. Na kai wurin rumfa, sai ta tare ni.

"Kaka, kin manta. Dattawan mutanen kirki ne. Da suka kawo itace, ganga ta daina gulma, gari ya zauna lafiya."

"Wa ya gaya miki?"

"A rediyo aka faɗa." Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Ina yarinya na ɗauka mugunta ce ta hana Kaka ba mu ƙarshe mai daɗi. Yanzu na san ba ta da shi ne. Da a ce da gatari suka zo, da na san abin yi, na taɓa tsayawa a gaban motar rusau. Amma ba su fasa komai ba. Dizal suka saya, suka gaishe ni har ƙasa.

Kaka ko ta ɓata mana rai, takan dawo mana da kunnuwanmu kafin mu tashi. Su sun ari na Ladi, har yau suna wurinsu.

Na tofa yawu a toka, na ce ta cire doyarta, tana ƙonewa.